Babi na Shida: Shari'ar da Ba a Yanke Ba

Littattafan laifi na Amurka galibi gida biyu ne. Akwai labarin ɗan sanda, wanda ke farawa da gawa ya ƙare da ankwa a hannun mai laifi. Akwai kuma labarin lauya, wanda ke ɗauka daga inda wancan ya ajiye: an riga an kama mutum, saura a ga ko tuhumar za ta tsaya a gaban kotu. Kowane gida da masu karatunsa, kuma ba lallai su ga maciji da juna ba. Masu shirin talabijin sun riga marubuta da yawa gane cewa ana iya zuba biyun a tukunya guda, domin tun 1990 shirin Law & Order yake raba kowace fitowa biyu, rabin farko na 'yan sanda, rabin ƙarshe na masu gabatar da ƙara. A littafi abin ya fi wuya, saboda mai karatu yana kwana da labari, yana da lokacin da zai zaɓi ɓangare.

Michael Connelly ya gwada wannan haɗin fiye da sau ɗaya. Tsohon ɗan jarida ne da ya yi shekaru yana ɗauko labaran laifuka wa jaridar Los Angeles Times, kuma da littafinsa na farko, The Black Echo, na 1992, ya fito da jami'in bincike Harry Bosch. A 2005 ya ƙirƙiro lauya Mickey Haller, wanda kujerar bayan motarsa ƙirar Lincoln ce ofishinsa. Mutanen biyu 'yan uba ne, kowa da uwarsa, ba su tashi tare ba, kuma sana'ar kowannensu ita ce warware abin da ɗayan ya ɗaura. Littafin da nake so mu duba shi ne The Reversal na 2010, domin a kansa ne ra'ayin masu karatu ya fi koya mini wani abu. Tilas in faɗi yadda labarin ya ƙare, don gardamar duk a can take; wanda bai karanta ba kuma yana da niyya, ya tsallake wannan babi tukuna.

Ga labarin. A 1986 an sace wata yarinya 'yar shekara 12, Melissa Landy, daga ƙofar gidansu a wata unguwar masu hali ta Los Anjalas, aka tsinci gawarta a cikin kwandon shara. Aka kama wani direban janwe mai suna Jason Jessup, aka ɗaure shi. Bayan shekara 24 yana kurkukun San Quentin, gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA, ya nuna cewa maniyyin da aka samu a rigar yarinyar ba nasa ba ne. Kotun ƙoli ta jihar Kalifoniya ta soke hukuncin. Ya rage wa hukuma ko ta sake shi, ta kuma shirya biyan diyya mai kauri, ko ta sake gurfanar da shi. Sai babban mai gabatar da ƙara ya nemi Haller, mutumin da duk rayuwarsa kare waɗanda ake tuhuma yake yi, ya zo ya tsaya wa gwamnati sau ɗaya. Haller ya yarda da sharaɗin shi zai zaɓi abokan aikinsa. Ya ɗauko tsohuwar matarsa Maggie McPherson, ƙwararriyar mai gabatar da ƙara, ya kuma ɗauko Bosch ya yi masa bincike.

Connelly bai tsinto wannan yanayi a iska ba. Tun 1989, lokacin da gwajin DNA ya wanke Gary Dotson a jihar Illinois, Amurkawa suka fara ganin mutane suna fitowa daga kurkuku bayan shekaru da laifin da ba su yi ba. A 1992 lauyoyi biyu, Barry Scheck da Peter Neufeld, suka kafa ƙungiyar Innocence Project don wannan aiki, kuma a 1993 Kirk Bloodsworth ya zama mutum na farko da aka taɓa yanke wa hukuncin kisa sannan DNA ta wanke shi. Zuwa 2010 jama'a sun saba da hoton: mutum ya fito ƙofar gidan yari da furfura, 'yan jarida sun kewaye shi, kowa na tausayinsa. Abin da littafin ya tambaya shi ne, to idan gwajin gaskiya ya faɗa, amma mutumin duk da haka shi ya yi kisan fa? Na ga masu karatun da wannan tambaya ta ɓata wa rai, suna ganin marubucin yana zubar da mutuncin aikin da ya ceci bayin Allah da yawa. Ban bi su ba. Gwajin amsar tambaya guda yake bayarwa, wato jikin wa wannan abu ya fito. Bai san wanda ya shaƙe yarinya ba. Marubucin da ya tuna wa mutane wannan bai ci amanar kowa ba.

Saɓani na farko tsakanin masu karatu bai ma kai ga nan ba. A kan tsarin littafin ne. Connelly yana karɓa-karɓa da babobi: wannan Haller ne ke magana da bakinsa, yana cewa na yi, na ce, na gaba kuma labarin Bosch ake bayarwa daga waje, ya tafi, ya gani. Mutanen Bosch, waɗanda suka biyo shi tun 1992, suna ƙorafin an mai da gwaninsu ɗan aike, yana kai sammaci yana nemo shaidu wa lauya. Mutanen Haller kuma, da an kai tsakiyar wata muhawara a kotu aka yanke aka koma wurin Bosch yana zaune cikin mota da dare, sai su ji an katse musu hanzari. Wannan ƙorafi ne na ƙauna, kowa nasa yake so a ƙara masa, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Abu ɗaya kawai zan ce: bambancin muryar daidai yake da bambancin sana'ar. Lauya da baki yake ci, dole ya yi magana da kansa. Bosch kuwa mutum ne da ke ɓoye abin da ya sani har sai ranarsa ta zo.

Na taɓa zama wurin da aka yi wannan gardama ido da ido, tsakanin wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin ɗan sanda da 'yar ƙanwarsa, wadda ba ta daɗe da fara aikin lauya ba. Ita ta ara masa littafin, shi kuwa tsohon mai karatun James Hadley Chase ne, irin 'yan zamaninsu. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wurin da Haller ya ƙi hana a ba Jessup beli.

"Mutumin da ka tabbata ya kashe yarinya, ka bar shi ya fita gari?" in ji shi. "'Yata, wannan ba dabara ba ce, ganganci ne. Mu da muka ɗauki gawa da hannunmu ba ma wasa da irin wannan."

Ta ce, "Kawu, ai ba sakinsa ya yi haka kawai ba. An sa masu bibiyarsa dare da rana. So yake mutumin ya nuna halinsa da kansa, don hujjar da ke hannunsu ta tsufa."

"To da ya nuna halin nasa, wa ya biya?"

Nan ta yi shiru, domin ta san mutane sun mutu a ƙarshen labarin. Amma ba ta sallama ba. Ta ce masa abin da ya sani a zuciyarsa daban, abin da zai iya ɗorawa a gaban alƙali daban, kuma shi kansa ya sha ganin shari'ar da ya tabbata da ita ta rushe. Ya ce ya gani, shi ya sa har gobe ba ya son lauyoyi, ban da ita.

Masu bibiyar da ta ambata ba ƙage ba ne. Rundunar 'yan sandan Los Anjalas tana da wani sashe na musamman da ake kira SIS, wanda aikinsa bin sawun waɗanda ake zargi a ɓoye, kuma an daɗe ana sukarsa da cewa yakan zuba ido har mutum ya aikata laifi sannan a yi arangama da bindiga. Connelly ya san wannan tarihi tun yana ɗan jarida. Saboda haka damuwar dattijon nan tana da tushe fiye da yadda ya zata.

Inda kusan kowa ya haɗu shi ne kan Sarah, yayar marigayiyar, kuma a nan ne littafin ya kai ƙololuwarsa. Tana 'yar shekara 13 ranar da abin ya faru. Wasan ɓuya suke yi, ta laɓe a cikin shuke-shuke, ta ga wani mutum ya tafi da ƙanwarta, ita ce kuma ta nuna Jessup ga 'yan sanda. Daga nan rayuwarta ta wargaje: shaye-shaye, kamu, aure da mutuwar aure. Da ƙyar Bosch ya gano ta a wani ƙaramin gari na jihar Washington, ta shiryu, tana sana'ar sarrafa gilashi, ba ta son abin da zai tuna mata baya. Ita ce ke riƙe da bayanin da ya warware gwajin DNA. Rigar da Melissa ta sa ranar ba tata ba ce, ta Sarah ce ta ara. Abin da aka samu a jikin rigar kuwa na mijin uwarsu ne, wanda ya daɗe yana lalata da Sarah a ɓoye. Wato gwajin da ya buɗe wa Jessup ƙofar kurkuku wani laifi ne daban ya tono, laifin da aka yi a cikin gida, wanda ba wanda ya taɓa tambayarta a kansa.

A duba abin da ake nema daga wannan mata. Kafin a hukunta wanda ya kashe ƙanwarta, sai ta zauna a gaban baƙi ta faɗi abin da ta binne shekara 24, sannan lauyan Jessup, Clive Royce, ya bi tarihinta yana tsinto duk wani abin kunya don ya nuna ba a yarda da maganarta. Ga shi sauran hujjojin sun lalace da tsufa. Wasu shaidu sun mutu, jami'in da ya yi binciken farko tsufa ya tafi da tunaninsa, sai dai a karanto abin da suka faɗa a shari'ar farko daga takarda. Gashin yarinyar da aka samu a cikin janwe yana nan, amma ɓangaren kariya na cewa 'yan sanda ne suka dasa shi. Duk nauyin ya dawo kan mace guda.

Mai karatu na ƙasarmu yana bukatar ƙarin bayani a nan, domin a kotunanmu alƙali ne ke sauraro kuma shi ke yankewa. A Kalifoniya mutum 12 ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari, a kira su juri, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya kafin a ce mutum ya yi laifi. Alƙali mai tsaron ƙa'ida ne, shi ke cewa wannan hujja ta shiga, waccan kada juri su ji ta. A shari'ar Jessup an hana a gaya musu cewa an taɓa ɗaure shi kan wannan kisa. Mai karatu ya san abubuwan da mutanen nan 12 ba su sani ba: ya san tarihin, ya bi Bosch cikin dare, ya ga abin da Jessup ke yi idan yana zaton ba mai ganinsa. Daga nan zaƙin littafin yake fitowa. Kana zaune da sani a cikinka, kana kallon mutanen da aka rufe wa rabin labari, kana jira ka ga ko rabin da aka ba su zai kai su inda kake. Shari'a saɓanin hankali, in ji mutanenmu, kuma fargabar wannan saɓani ce ke hana mai karatu barci.

Sai ga ƙarshen. Shari'a ta juya wa Jessup baya. Shaidan da Royce ya kawo don ya ƙaryata Sarah, wato wani tsohon mijinta, ya sauya magana a gaban kotu. Jessup ya ga alamar kurkuku zai koma. Da aka tafi hutun rana sai ya ɗauki bindiga ya harbe lauyan nasa da wasu mutane a ofis, ya gudu, daga baya 'yan sanda suka rutsa shi a bakin teku a Santa Monica suka kashe shi. Juri ba su taɓa shiga ɗaki sun tattauna ba. Ba a yanke hukunci ba.

Wannan shi ne abin da masu karatu da dama ba su yafe wa Connelly ba. Sun ce an yi gaggawa, an ja su ɗaruruwan shafuka zuwa wata ƙofa sannan aka fitar da su ta taga. Wasu kuma suka kare shi da cewa haka rayuwa take. Suna da abin kafa hujja: a Amurka fiye da kashi 90 cikin 100 na hukuncin laifuka ba a gaban juri ake samunsu ba, ciniki ake yi, mutum ya amsa laifi a rage masa. Shari'ar da ta kai ga juri sun miƙe sun faɗi hukunci ita ce baƙuwa. To me zai sa a tilasta wa marubuci ya ba da abin da kotunan kansu ba safai suke bayarwa ba?

Ina tare da masu ƙorafi, amma ba don gaggawar ba. Damuwata ita ce bindigar ta amsa tambayar da ba tata ba. Littafin tun daga shafin farko ya ɗora mu kan abu guda: shin ana iya tabbatar da gaskiya ta hanyar ƙa'ida, da tsohuwar hujja, da shaidar macen da duniya ta riga ta yanke wa hukuncin 'yar ƙwaya? Da Jessup ya buɗe wuta, ya nuna wa kowa shi mai kisa ne, shakka ta kau, amma ta kau ne ta hanyar da ba ta bukatar Sarah ko kaɗan. Matar nan ta tsaya ta tona asirin kanta a bainar jama'a don mutum 12 su ce sun yarda da ita. Wannan kalma ita ce haƙƙinta, kuma marubucin ya hana ta. Ko da juri sun ce ba su gamsu ba, da an san an yi shari'a, da mai karatu ya rufe littafin da ciwon da ya dace da labarin. Abin da aka yi kuwa shi ne ɓangaren ɗan sanda ya haɗiye ɓangaren kotu a daidai lokacin da kotu za ta yi magana. Hujjar masu cewa haka rayuwa take ba ta kama ni ba, domin a rayuwa ciniki da gajiya da mutuwar shaidu ne ke kashe shari'a. Ba kasafai wanda ake tuhuma ke harbe lauyansa da tsakar rana ba. Idan gaskiyar rayuwa ake nema, ba ita aka ba mu ba.

Akwai ƙorafi na biyu da ake yawan haɗawa da wannan, kuma a kansa na rabu da su. A dararen da ake bin sawunsa, an ga Jessup yana zuwa wasu wurare cikin dazuzzukan tsaunukan da ke saman birnin, yana zama shi kaɗai, wani lokaci ya kunna kyandir. Bosch, da taimakon Rachel Walling ta hukumar FBI, ya fara zargin ko kaburbura yake ziyarta, ko akwai wasu 'yan matan da suka ɓace kafin 1986. Wani dare ma an gan shi a mota a ƙofar gidan Bosch, inda 'yarsa Maddie ke barci. Littafin ya ƙare ba a san tabbas ko akwai wasu gawarwakin ba, mutumin da ya san amsa ya mutu da ita. Masu karatu da yawa sun ɗauki wannan a matsayin zaren da marubuci ya manta bai ƙulle ba.

Ni a ganina nan ne ya fi riƙe amana. Duk wanda ya san aikin bincike ya san fayil ba ya rufuwa tsaf. Dattijon nan da na ambata, wanda bai bar wa littafin komai ba a kan beli, da aka zo maganar kyandir cewa ya yi wannan kam gaskiya ne, shi ma yana da sunayen da ya yi ritaya da su. Kuma wannan buɗaɗɗen zare shi ne farashin harbin da aka yi a bakin teku. Da an kama Jessup da rai, da akwai ranar da za a zaunar da shi a tambaye shi. Iyayen da 'ya'yansu suka ɓace ba su sami komai daga mutuwarsa ba. Masu jin daɗin cewa mugu ya gamu da ajalinsa su ne ya kamata wannan zare ya dame su, kuma ina zaton don su aka bar shi.

Abin da ya sa ra'ayoyin suka rabu haka shi ne alkawari biyu littafin ya ɗauka. Labarin ɗan sanda yana alkawarin za ka san wanda ya yi. Labarin kotu yana alkawarin za ka ji an faɗa a bainar jama'a, da sunan jama'a. Wanda ya shigo ta ƙofar Bosch an cika masa nasa tun tsakiyar littafi, harbin ƙarshe ƙari ne kawai. Wanda ya shigo ta ƙofar Haller kuwa har yau yana bin bashi. Su biyun littafi ɗaya suka karanta, ba kuma wanda ya karanta shi ba daidai ba.

Connelly bai daɗe ba ya koma kotu. A 2011 ya fitar da The Fifth Witness, inda Haller ya koma kujerarsa ta kariya, yana tsaya wa wata mata, Lisa Trammel, da ake tuhuma da kashe wani ma'aikacin banki da ke shirin ƙwace mata gida. A wannan karon an kai ƙarshe, juri sun fito sun wanke ta, littafin kuma ya ci kyautar Harper Lee ta labaran shari'a a 2012. Bayan an watse ne Haller ya gano cewa matar ita ta yi kisan, kuma doka ba ta yarda a sake gurfanar da ita kan laifin da aka wanke ta a kansa ba. A shafukan ƙarshe ya yanke shawarar barin kare masu laifi ya nemi kujerar babban mai gabatar da ƙara na Los Anjalas.